Ɗaukewar Al'ada, Maganin Homon da Tsufan Fata

 

Maganarmu ta yau ta iyayenmu mata ce, waɗanda suka ba shekara arba'in baya. Amma Alhaji, Arɗo, Malam, kada ku murɗa akwatin rediyo zuwa wata tasha. Ku ake aika sayen magani ranar kasuwa, ku ne ke ba da kuɗin mota zuwa asibiti, wasunku ma ku ne ke ɗauko katan-katan na man shafawa daga Kano ko Kwatano kuna kawowa Jibiya, Illela, Ƙonni da Maigatari. Saboda haka maganar ta shafe ku.

Tambayar da ake ta aiko mana ita ce: wai gaskiya ne akwai maganin da likitoci ke ba mace idan al'adarta ta ɗauke, ya sa fatarta ta koma sumul kamar ta budurwa? Wasu sun gani a bidiyon waya, wasu mai talla ne ya ce musu ga "mai da tsohuwa yarinya". Amsar a taƙaice: maganin yana nan, yana kuma ɗan taɓa fata, amma ba don fata ake ba da shi ba, kuma akwai matan da in sun sha shi zai iya kai su ga halaka. To bari mu bi abin daki-daki.

Me ke faruwa idan al'ada ta ɗauke?

A gefen mahaifa, dama da hagu, Allah ya yi wa mace ma'ajiyar ƙwai guda biyu. Ban da ƙwai, suna zuba wasu sinadarai cikin jini waɗanda likitoci ke kira homon. Homon kamar ɗan aike ne: daga wuri ɗaya yake tashi, ya kai saƙo ga sassan jiki da yawa. Babba a cikinsu sunansa istirojin, na biyu furojestaron. Su ne ke tsara al'ada da ɗaukar ciki. Shi istirojin yana kai saƙo har ga ƙashi, da jijiyoyin jini, da ƙwaƙwalwa, da mafitsara, da fata.

Idan ƙwan ya kusa ƙarewa, sinadaran nan sai su fara hawa da sauka. Al'ada ta rikice, wata ta zo, wata biyu shiru. Ranar da mace ta cika wata 12 cur ba ta ga jini ba, alhali ba ciki ba shayarwa ba wata cuta, to al'ada ta ɗauke ke nan. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce ga yawancin mata wannan na zuwa ne tsakanin shekara 45 da 55. Ba cuta ba ce, ba sammu ba ne, ba kuma aikin kishiya ba ne. Mataki ne na rayuwa.

Sai dai yana zuwa da nasa wahalhalu. Zafi ya taso wa mace daga ƙirji ya haura fuska ko da cikin sanyin hunturu, gumi ya jiƙa zane da dare, barci ya gagara, rai ya riƙa ɓaci ba dalili, gaɓoɓi su yi ciwo, gaba ya bushe har kwanciyar aure ta zama azaba. Wata ba ta jin komai sai kaɗan, wata kuwa sai ta yi shekaru tana fama. Wani dogon bincike da aka yi a Amurka ya gano cewa zafin nan kan ɗauki kimanin shekara 7 ga mata da dama, baƙaƙen mata kuma nasu ya kan kai shekara 10.

Ina ruwan fata da wannan?

Ku makiyaya da majema kun fi kowa sanin fata. Abin da ke ba kirgi ƙarfi, abin da ya sa fatar jar akuyar Maraɗi da Sakkwato ta yi suna har ƙasashen Turai, wasu zarurruka ne ƙanana da suka sarƙe da juna a cikin fatar. Sunansu kolajin. In kun dafa ƙafar saniya ko ganda, romon ya huce ya daskare yana rawa, to narkakken kolajin ne kuke gani. Irinsa ne ke cikin fatar ɗan Adam, shi ke riƙe ta ta yi kauri ta tsaya.

Istirojin yana cikin masu ba fata umarnin ta ci gaba da saƙa wannan zare, ta kuma riƙe ruwa a cikinta. Da ya yi ƙasa sai saƙar ta ragu. Likitocin fata sun ƙiyasta cewa cikin shekara 5 na farko bayan ɗaukewar al'ada, mace kan rasa kusan kashi 30 cikin 100 na kolajin ɗin fatarta, daga nan kuma kusan kashi 2 duk shekara. A lissafin garke, kamar mai shanu 100 ne ya rasa 30 cikin shekara biyar, sannan ya riƙa rasa bibbiyu. Shi ya sa mata da yawa ke cewa tsufan kamar rana ɗaya ya sauko musu.

Abin da ake gani a ido shi ne: fata ta yi sirara, ta bushe, ta riƙa ƙaiƙayi, kumatu su ɗan sauka, tamoji ya fito a wuya da gefen baki, gashin kai ya ragu, wata ma 'yan gasu su fito mata a haɓa. Rauni kuma ya riƙa daɗewa bai warke ba.

Amma fa kada mu ɗora wa ɗaukewar al'ada laifin duka. Inna, ki duba bayan hannunki, sannan ki duba fatar cinyarki wadda zane ke rufewa kullum. Shekarunsu ɗaya, jininsu ɗaya, amma ba su yi kama ba. Bambancin nan aikin rana ne. Macen da ta yi shekara talatin tana tallar nono da ƙwarya a ka, ko tana zaman rumfa a bakin iyaka, rana da iskar hunturu da ƙura sun yi nasu aikin tun kafin al'ada ta ɗauke. Masu hasken fata, kamar yawancin Fulani da Buzaye, rana ta fi saurin nuna musu, domin baƙin fata kariya ce. Taba ma tana lalata kolajin, kuma mai shan ta al'adarta kan riga ta sauran mata ɗaukewa.

Shi maganin homon ɗin, mene ne?

Dabarar mai sauƙi ce: tunda jiki ya rage yin istirojin, a ba shi kaɗan daga waje. Yana zuwa a ƙwaya ta haɗiya, ko filasta da ake mannawa a fata, ko wani mai da ake shafawa a hannu ko cinya ya shiga jini. Akwai kuma ɗan ƙarami da ake sawa a gaba don bushewa kawai, wanda abin da ke shiga jini daga gare shi kaɗan ne ƙwarai.

Ga wani abu da zai ba masu dawaki mamaki. Maganin da ya fi daɗewa a kasuwa, mai suna Premarin, wanda aka amince da shi a Amurka a 1942, daga fitsarin goɗiya mai ciki ake tace shi. Yawancin na yanzu kuwa, wanda za ku ga an rubuta estradiol a jikin kwalinsa, a masana'anta ake haɗa shi daga waken suya ko wata doyar daji, ya fito daidai da irin wanda jikin mace ke yi. Kada wata ta ce to bari ta dage da cin awara da doya. Jiki ba ya iya wannan juyin, sai a masana'anta. Awara abinci ne mai gina jiki, a ci don haka.

Ita wannan magana ta mai da tsohuwa yarinya ba yau aka fara ta ba. A 1966 wani likita a Amurka, Robert Wilson, ya fitar da littafi yana cewa istirojin zai hana mace tsufa. Mata suka yi ta sha. Zuwa 1975 sai aka tabbatar cewa macen da ke da mahaifa in ta daɗe tana shan istirojin shi kaɗai, bangon cikin mahaifar kan yi ta kauri har ya iya zama sankara. Daga nan aka kafa doka wadda har gobe tana nan: duk mai mahaifa, dole a haɗa mata istirojin da furojestaron ko ɗan'uwansa, domin shi ne ke kare mahaifar. Wadda aka cire wa mahaifa ce kaɗai ake ba istirojin zalla.

To me yake yi wa fata?

A nan sai mu raba magana biyu: abin da na'ura ke aunawa, da abin da ido ke gani.

Wajen awo, maganin yana aiki. Tun shekarun 1980 likitoci a Ingila suka auna fatar matan da ke kan maganin, suka tarar kolajin ɗinsu ya fi na waɗanda ba sa sha. A 1994 aka fitar da wani gwaji daga Kanada da aka yi da sistocin cocin Katolika su 60, mata masu rayuwa iri ɗaya. Aka ba wasu maganin, wasu kuma ƙwayar da ba komai a cikinta, ba wadda ta san wanne take sha. Bayan shekara guda, fatar masu shan na gaskiya ta ƙara kauri. Wasu gwaje-gwajen sun nuna fatar na ƙara riƙe ruwa, rauni kuma na saurin haɗewa.

Wajen ido kuwa, labarin ya yi sanyi. A 2016 aka fitar da sakamakon wani gwaji a Amurka inda aka bi mata shekara 4 ana duba tamojin fuskarsu da wuyansu, wasu na shan ƙwaya, wasu na manna filasta, wasu kuma ba a ba su maganin gaske ba. A ƙarshe, a yawancin sassan fuska ba a ga wani bambanci ba. Abin da ya fi raba su shi ne launin fata: baƙaƙen mata su ne mafi ƙarancin tamoji, da magani ko babu. Wato kariyar da ake nema a kwalba, Allah ya riga ya ba yawancin iyayenmu ita kyauta.

Kuma ku riƙe abubuwa uku. Na ɗaya, maganin ba ya goge ɓarnar da rana ta riga ta yi. Na biyu, ranar da aka daina shi fata za ta ci gaba da tafiyarta. Na uku, istirojin kansa yana iya jawo baƙin tabo a kumatu da goshi, irin wanda wasu mata ke yi lokacin goyon ciki, musamman ga mai duhun fata da ke wuni a rana. Mace ta sha don fuska ta yi kyau, ta tashi da tabo, kun ga an yi ba a yi ba.

Saboda haka dalilan da hukumomin magani suka yarda a ba da shi guda huɗu ne: zafin jiki da gumin dare mai hana sukuni, bushewar gaba da raɗaɗinsa, kare ƙashi daga zama holoƙo ga wadda ke cikin haɗarin karaya, da macen da al'adarta ta ɗauke da wuri, ko aka cire mata ma'ajiyar ƙwai a tiyata tana da sauran ƙuruciya. Gyaran fata ba ya cikin lissafin. In mace na shan sa don ɗaya daga cikin huɗun nan, fatarta kuma ta yi laushi, to gyara ce aka yi mata, kamar yadda mai awo ke ƙara miki ɗan hannu bayan ya cika tiya. Ba wanda ke zuwa kasuwa don gyara kaɗai.

Haɗarinsa

Gwaji mafi girma da aka taɓa yi a kan wannan magani a Amurka aka yi shi, da mata 16,608 masu shekara 50 zuwa 79. A watan Yulin 2002 aka dakatar da shi kafin lokacinsa, bayan an yi shekara biyar da 'yan watanni. Ga abin da aka gani. A cikin kowaɗanne mata 10,000 da suka shekara suna shan haɗin ƙwayoyin biyu, an samu ƙarin mata 8 da suka kamu da sankarar nono, ƙarin 8 da ɓarin jikinsu ya shanye, ƙarin 8 da gudan jini ya toshe musu jijiyar huhu, da ƙarin 7 masu ciwon zuciya. A ɗaya hannun kuma, an samu ragin mata 5 masu karayar ƙugu, da ragin 6 masu sankarar hanji.

Labarin ya tsorata duniya, mata miliyoyi suka watsar da maganin. Daga baya da aka sake zama aka duba lissafin, sai aka lura yawancin matan gwajin sun manyanta, matsakaicin shekarunsu 63, da yawansu sun daɗe da daina al'ada. Matsayar likitoci a yau ita ce: mace mai lafiya wadda ba ta kai 60 ba, ko wadda ba ta wuce shekara 10 da ɗaukewar al'ada ba, in alamomin sun dame ta, amfanin maganin ya fi haɗarinsa. Wadda ta wuce haka, fara shi ya fi haɗari. An kuma lura cewa na mannawa da na shafawa ba su kai ƙwayar haɗiya jawo gudan jini ba.

Takwas cikin dubu goma ba yawa ba ne. Macen da ta yi wata shida ba ta yi barcin kirki ba, ta rame, ba ta iya tatsa ba ta iya zuwa kasuwa, tana iya cewa ta yarda ta ɗauki wannan kasada, kuma tana da gaskiya. Amma a ɗauke ta don tamojin da wataƙila ma ba zai gushe ba, wannan shi ne garin neman gira a rasa ido.

Ga waɗanda ba a ba su maganin: wadda ta taɓa yin sankarar nono ko ta mahaifa, wadda ke zubar jini ba a san dalilinsa ba, wadda gudan jini ya taɓa toshe mata jijiyar ƙafa ko huhu, wadda ta taɓa shanyewar ɓarin jiki ko bugun zuciya, da mai ciwon hanta da ke kan ganiyarsa. Mai hawan jini sai an fara daidaita shi. Kun san ciwon hanta da hawan jini suna da yawa a cikinmu, kuma mutum na iya yawo da su shekaru bai sani ba. Mai tebur a kasuwa ba shi da abin gwada su.

Hajiyoyinmu 'yan kasuwa masu doguwar tafiya, ku ƙara kula. Zaman mota kwana da wuni daga Kwatano ko Lome zuwa Maraɗi, ƙafa a naɗe cikin kaya, shi kansa yana sa jini ya daskare a jijiya, balle an haɗa da ƙwayar istirojin. Duk inda mota ta tsaya a sauka a taka. In ƙafa ɗaya ta kumbura tana ciwo, ko numfashi ya sarƙe farat ɗaya da ciwon ƙirji, a nufi asibiti a lokacin, kada a jira a isa gida.

Abin da ke kan teburin kasuwa

Gaskiyar magana, ainihin wannan magani ba ya da yawa a ƙauyukanmu, sai manyan kantunan magani na birni. Abin da ake miƙa wa mata da sunansa wasu abubuwa ne daban.

Na farko man bilicin. Ku juya kwalin ku sa yaro ɗan makaranta ya karanta muku. In kun ji clobetasol ko betamethasone, magani ne mai ƙarfi na cututtukan fata, wanda likita ke bayarwa na 'yan kwanaki. In aka daɗe ana shafa shi yana hana fata saƙa kolajin. Ku duba fa: ɗaukewar al'ada ta riga ta kwashe kusan kashi uku cikin goma, ga kuma mai yana cin sauran. Ƙarshenta fata ta zama kamar ledar ƙulla ƙanƙara, jijiyoyi su fito, nanƙarwa ta tsattsaga jiki, ƙaya kaɗan ta yage ta, in an yi tiyata ɗinki ya ƙi kamawa. Yana kuma ratsawa cikin jini ya tayar da hawan jini da ciwon suga. In kun ji hydroquinone, daɗewa a kansa na kawo wani baƙi-ƙirin a kumatu mai wuyar fita. Wasu mayukan da sabulai kuma akwai sinadarin makuri a cikinsu, mai lalata ƙoda, kuma sau da yawa ba a rubuta shi a kwali. Saboda irin wannan ɓarna ƙasar Kwaddibuwa ta haramta mayukan nan a 2015, hukumar NAFDAC ta Najeriya ma ta sha yin gargaɗi a kansu. Wadda ta daɗe tana shafawa, ta je a nuna mata yadda za ta janye a hankali, domin yankewa rana ɗaya kan sa fata ta yi bore.

Na biyu ƙwayoyin ƙiba, waɗanda ake wa laƙabi da sha-ka-fashe. Yawancinsu akwai dexamethasone a ciki. Kumatu za su cika, tamoji ya ɓuya, a ce Hajiya ta murmure. Kumburi ne. A ƙarƙashinsa ƙashi na zagwanyewa, suga na hawa, fata na ƙara sirancewa.

Na uku ƙwayar tazarar haihuwa. Ita ma akwai dangin istirojin a yawancinta, amma ya fi na masu ɗaukewar al'ada ƙarfi nesa ba kusa ba. Ba a ba macen da ta kai 50, ko mai hawan jini. Kada a ara daga wurin ɗiya ko suruka. A kuma sani, maganin ɗaukewar al'ada ba ya hana ciki, kuma muddin al'ada na zuwa ko da jefi-jefi ne, ciki na iya shiga.

Na huɗu, makiyaya, allurar dabba ta dabba ce. An auna ta ne da nauyin saniya.

Hukumar Lafiya ta Duniya ta faɗa a 2017 cewa kusan magani 1 cikin 10 a ƙasashe irin namu jabu ne ko mara inganci. Mai kyau ɗin ma in ya wuni a kan tire cikin ranar bazara ya lalace. 'Yan'uwa 'yan kasuwa, kafin ku sari katan, ku tambayi kanku ko za ku yarda mahaifiyarku ta shafa abin da ke ciki.

Abin da za a iya yi a gida

Fatar da ta manyanta abu biyu take so: a rage mata wahala, a kuma riƙe mata ruwa.

A yi wanka da ruwa mai ɗumi-ɗumi, kada ya yi zafi sosai. A bar dirzar jiki da soso mai kaushi kamar ana wanke tukunya. Sabulun wanki da na soda da garin omo na tufafi ne, suna kwashe maiƙon fata. Da an fito, tun jiki da sauran laima, a shafa man kaɗe ko basilin, domin aikin mai shi ne ya rufe ruwan da ke ciki kada ya tsere. A lokacin hunturu a yi safe da dare, a ƙara wa hannu duk bayan wanki. Mai faso ta jiƙa ƙafa a ruwan ɗumi, ta goge kaushin da dutse a hankali, ta cika shi da mai, ta sa safa ta kwana. Mai ciwon suga kada ta kusanci ƙafarta da reza, kuma kada ta yi yawo ba takalmi.

Rana kuma a rage mata hanya. Malafa ba ta maza kaɗai ba ce. Mayafi mai sauka kan goshi, riga mai dogon hannu, zama a inuwa in rana ta take, duk suna aiki. Mai tabon fuska in tana da hali ta nemi man kare rana a kantin magani.

Jiki ba ya saƙa kolajin sai da abinci mai gina jiki da bitamin C. Nono, ƙwai, wake, gyaɗa, kifi, nama in an samu. Sai gwaba, lemo, mangwaro, tumatir, da garin 'ya'yan kuka da ake damawa a nono. Cin ganda ba ya tafiya kai tsaye ya cike tamoji, ciki narkar da ita yake yi kamar kowane nama. Nono da kindirmo da cuku da zogale suna ƙarfafa ƙashi, kuma a wannan shekaru ƙashi ya fi fuska bukatar kulawa. Inna, kada ki sayar da nonon duka ki dawo da ƙwarya wayam. Ki rage na shanki, a kuma tafasa madara kafin a sha ko a ɗaura ta.

Alamomin da ba a zama da su

Ba kowane abu ake jingina wa ɗaukewar al'ada ba. Gumin dare tare da tarin da ya wuce mako biyu da rama, a gwada tarin fuka. Zazzaɓi mai tafiya yana dawowa da gumi da ciwon gaɓoɓi ga mai shan ɗanyar madara, musamman in shanu na ɓari a garke, a gaya wa likita, domin bakkale na kama mutum. Ƙaiƙayin da ya game jiki ba ƙurji, ko ido ya yi rawaya, a duba hanta da ƙoda da suga. Gyambon da ya ƙi warkewa, a kai shi a gani. Ƙullutu a nono, ko da ba ya ciwo, a je a cikin makon.

Babba a cikinsu: jini bayan an shekara da ɗaukewar al'ada. Ko ɗigo ɗaya ne, ko sau ɗaya ne. Ba ƙuruciya ce ta dawo ba. Hukuncin salla da azumi a tambayi malamai, amma shi jinin a kai shi asibiti. Sau da yawa dalilin ƙarami ne, wani lokaci kuma farkon sankarar mahaifa ce ko ta bakin mahaifa, wadda in an kama ta da wuri ana warkewa. Haka wadda al'adarta ta ɗauke kafin ta kai 40, ta je a duba ta, domin ita kam tana cikin masu bukatar maganin homon don kare ƙashinta da zuciyarta.

A fara da asibitin da ya fi kusa, a nemi ungozoma, ciwon 'ya mace na 'ya mace ne. In abin ya fi ƙarfinsu za su tura gaba, ko cibiyoyin uwa da yaro na Maraɗi, Damagaram da Tawa, ko asibitin haihuwa na Issaka Gazobi a Yamai, ko asibitocin koyarwa na Sakkwato, Katsina da Kano. Wadda aka ɗora a kan maganin, ana so a sake ganinta bayan wata uku, daga nan duk shekara, a gwada jini a duba nono. Masu tashi da dabbobi, ku faɗa wa likita tun farko cewa ba zaune kuke wuri ɗaya ba. Ku riƙe katinku ko karnenku da kwalin maganin cikin leda, domin sunan da yake da shi a Najeriya ba lalle ne ya zama shi ne a Nijar ba, amma ma'aikacin lafiya na kowane ɓangare zai gane sinadarin da aka rubuta.

Maigida, naka aikin shi ne haƙuri da kuɗin mota. In ka ga uwargida na yaye mayafi cikin sanyi, ko ta yi fushi kan abin da bai kai ya kawo ba, ko tana guje wa shimfiɗa, ba raini ba ne, jikinta ne ke sauyawa, kuma akwai taimako. Ka kuma kiyaye harshenka. Mata da yawa ba madubi ne ya kai su teburin mai bilicin ba, gorin miji ne da tsoron amarya. Matar da ta haifa maka 'ya'ya, ta bi ka rani da damina, in fuskarta ta nuna shekaru ai ba abin gori ba ne. Da tsohuwar zuma ake magani.

A nan za mu dakata. Wanda ya ji ya gaya wa wanda bai ji ba, mai karatu kuma ya karanta wa iyayenmu na ruga wannan takarda. Masu tambaya su ci gaba da aikowa, ba sai an faɗi suna ba. Allah ya ƙara wa iyayenmu lafiya, ya ba mu tsufa mai albarka, ya kiyaye dukiya da hanya. Sai mako mai zuwa idan Allah ya kai mu. Wassalamu alaikum.